Zauren Malamai a Waya: Inda Malami Zai Iya Cewa "Ban Gane Ba"

Malamin firamare zai iya shekara ashirin yana koyarwa ba tare da wani malami ɗan'uwansa ya taɓa zama a bayan aji ya saurari darasinsa daga farko har ƙarshe ba. Mai shigowa ɗaya ne, wato mai duba makarantu, shi kuwa abin da ya kawo shi daban ne: ya buɗe rajista, ya ga ko hedimasta ya sa hannu a littafin shirin darasi, ya ƙirga yara, ya kama hanya. Shi ma malamin bai taɓa ganin yadda maƙwabcinsa na aji uku ke koyar da rabawa ba, alhali bango ɗaya ya raba su, har suna jin muryar juna. Idan Allah ya hore masa wata dabara da yara ke saurin kama karatu da ita, ranar da ya ajiye aiki dabarar ta tafi da shi. Idan kuma akwai wani babi na lissafi da ya shige masa duhu tun yana kwalejin ilimi, haka zai yi ta kewaye shi shekara da shekaru, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a wuce gaba.

Wannan kaɗaici ne ya tura malamai neman juna a intanet, a Amurka da Turai da nan gida. Yau da wuya ka samu malami mai babbar waya wanda ba ya cikin zaure biyu ko uku na malamai: na makarantarsu, na ƙaramar hukuma, na ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT, na 'yan ajinsu na kwaleji. Sai dai yawan zauruka bai zama yawan amfani ba. A wurina ma'aunin kowane zauren malamai guda ɗaya ne. Shin malami zai iya fitowa a cikinsa ya ce "ban gane wannan ba, ku koya mini," ya samu amsar da ta dace da ajinsa, kuma maganar ba ta dawo ta cije shi ba? Irin manhajar da aka zaɓa, da yawan mutanen da aka tara, da hannun hukuma a ciki, duk tasirinsu yana ga yadda suke buɗe wa wannan tambaya ƙofa ko suke toshe ta.

Abin ya girmi WhatsApp. Tun 2005 Tarayyar Turai ta buɗe eTwinning, dandalin da ke haɗa malaman ƙasashe daban-daban su shirya aiki tare da ɗalibansu, kuma waɗanda suka yi rajista a cikinsa sun haura miliyan ɗaya. A 2007 wani Ba'amurke, Steve Hargadon, ya kafa zauren Classroom 2.0 a kan dandalin Ning. A 2009 Tom Whitby da Steven Anderson da Shelly Terrell suka fara tattaunawar #edchat a Twitter, inda duk ranar Talata malamai suka riƙa zaɓar batu ɗaya su yi ta musayar ra'ayi a kansa. Edmodo kuwa, wanda wasu ma'aikatan makarantu biyu a yankin Cikago suka ƙirƙira a 2008, ya yi girman da ake kiransa Facebook na makarantu. Waɗannan duka an gina su ne don malamin da ke da kwamfuta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da Turancin da zai rubuta doguwar magana da shi.

Namu malaman ba ta wannan hanya suka shigo ba. Sun shigo ta WhatsApp, kuma dalilan a fili suke. Manhajar tana cikin wayar tun asali, ba sai an buɗe sabon asusu da imel da kalmar sirri ba. Tana aiki ko da sabis ya yi rauni. Babban abin kuma shi ne saƙon murya: malamin da zai ji nauyin rubuta Turanci a gaban 'yan'uwansa, don kada a kama masa kuskure, zai danna ya yi bayani da Hausa minti biyu cikin natsuwa. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya ƙara ingiza lamarin, domin a lokacin ne hedimastoci da yawa suka buɗe zauren makarantarsu don isar da sanarwa, daga nan kuma ba a sake rufe shi ba.

Duk wanda ke cikin irin wannan zaure ya san yadda yininsa ke tafiya. Da asuba hotunan barka da safiya da addu'o'i, goma ko ashirin. Kafin ƙarfe takwas wani ya tambaya ko an ga alat, a yi ta amsa masa da "shiru" har wani ya ce wani ya ce masa sai Litinin. Sanarwar tantance ma'aikata, a zo da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe. Sanarwar rasuwa, sai ta'aziyya ta biyo baya layi-layi. Tallan atamfa da turare. Wata takardar ɗaukar aiki ta bogi da ke yawo tun bara. Muhawarar siyasa da ke ƙarewa da fitar mutum biyu. Ba na raina wannan. Malamin da ke ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, a da sai ya ji labarin tantancewa bayan an gama. Yau yana ji a daren da aka fitar da sanarwa. Gudummawar da ake haɗa wa wanda aka kwantar a asibiti ita ma a nan ake haɗa ta. Amma ka duba saƙonni ɗari na ƙarshe ka ƙirga nawa ne suka shafi abin da zai faru a cikin aji gobe da safe. Sau tari ba za ka cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ga irin musayar da nake nufi, wadda in ta faru takan biya duk sauran hayaniyar. Malama mai aji biyu ta turo saƙon murya bayan la'asar. Yaranta sun haura tamanin, ta kai su ga ɗebewa mai aro, irin a cire 17 daga 42, kuma duk yadda ta yi bayani sai yaro ya juya lambobin, ya cire 2 daga 7 ya rubuta 5, ya cire 1 daga 4 ya rubuta 3, ya kawo mata 35. Bayan magariba wani malami ya amsa: "Malama, ki bar allo tukuna. Ki sa su zo da tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da roba. Ki ba su ɗauri huɗu da tsinke biyu, ki ce su miƙo miki tsinke bakwai. Kada ki gaya musu yadda za su yi. Da kansu za su ga biyu ba su isa ba, su kwance ɗauri ɗaya." Wata ta ƙara da cewa da yara tamanin kada ta raba wa kowa nasa, aji zai hargitse, ta kasa su takwas-takwas, kowane rukuni da ɗaurinsa, ta naɗa musu shugaba. Wani ya turo hoton nasa ɗaurin a kan benci. Bayan mako guda malamar ta dawo ta ce yawancinsu sun kama, saura waɗanda har yanzu ba su bambance gidan goma da gidan ɗaya ba, sai aka buɗe sabuwar magana a kan su.

A lura da abin da ya sa wannan ya yi aiki. Tambayar ta zo a makon da matsalar ta taso. Wanda ya amsa ya san aji mai yara tamanin, ya san babu kayan koyarwa sai abin da aka tsinto a gida. Kuma an samu dawowa, an ji sakamako, an gyara. Bitar da hukumomi ke shiryawa ba ta iya ba da waɗannan, saboda yadda aka gina ta. A horar da manyan masu horarwa a Abuja ko babban birnin jiha, su horar da na ƙananan hukumomi, su kuma su tara malamai kwana uku a ɗakin taro, a raba alawus da takardar shaida. A kowane mataki wani abu na zubewa, kuma tambayar gaske ba ta zuwa sai mako na shida na zango, lokacin da mai horarwa ya daɗe da komawa. Japanawa sun fi shekara ɗari suna bin wata hanya dabam: malamai su shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar sauran na kallo, sannan a zauna a tattauna abin da yara suka gane da abin da ya kuɓuce musu. Zauren waya bai kai wannan ba, domin babu mai ganin ajin da idonsa, amma shi ne abu mafi kusa da shi da malamin karkara zai samu ba tare da kuɗin mota ba.

To me ya sa irin wannan musaya ta yi ƙaranci? Amsar farko ita ce tsoro, kuma tsoro ne mai dalili. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari, ta sallame su. An yaɗa hotunan wasu takardun amsa a intanet, duniya ta yi ta dariya. Ba ina sake buɗe muhawarar ko matakin ya dace ba ne. Yaran da ke gaban malamin da bai iya karatu ba su ma suna da haƙƙi, kuma haƙƙi mai nauyi. Abin da nake nunawa shi ne darasin da sauran malaman Arewa suka ɗauka daga wannan lamari: bayyana rashin sani na iya raba mutum da abincinsa. Malamin da ya ga haka, kana tsammanin zai rubuta a zaure mai ɗaruruwan mutane cewa bai fahimci kasafin lamba ba? Ya san cikin daƙiƙa ɗaya wani zai ɗauki hoton maganarsa, kuma bai san inda hoton zai tsaya ba.

Abin na ƙara muni idan maigida na cikin zauren. Da zarar an saka sakataren ilimi ko wani jami'in SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, zauren ya tashi daga wurin hira ya koma allon sanarwa. Yallaɓai ya turo takarda, mutum hamsin su rubuta "an gani, ranka ya daɗe." Ba laifin jami'in ba ne, zai iya kasancewa mutumin kirki mai son taimako. Matsayinsa ne ke hana magana, domin wanda zai sa hannu a ƙarin girmanka ba shi ne wanda za ka nuna wa rauninka ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a haɗa zauren sanarwa da zauren koyo wuri ɗaya. Kowanne na da amfaninsa, amma na farko yakan cinye na biyu.

Girman zaure shi ma yana da nasa tasirin. A da WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 256 a zaure ɗaya. A 2022 aka ɗaga zuwa 512, sannan 1,024. Telegram kuwa yana ɗaukar har 200,000. Masu buɗe zauruka kan yi alfahari da cewa nasu ya cika, amma tun 2006 masanin amfani da intanet Jakob Nielsen ya bayyana abin da ake gani a yawancin dandali: kusan kashi 90 cikin ɗari karatu kawai suke yi, kashi 9 kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin mafi yawan magana. Masu karatu shiru ba asara ba ne, da yawa suna ƙaruwa. Amma ga mai tambaya, su idanu ne da bai san masu su ba. Zauren malaman lissafi ashirin na ƙananan azuzuwa, waɗanda suka san fuskar juna, ya fi zauren "malaman Najeriya baki ɗaya" haifar da tambaya ta gaskiya nesa ba kusa ba.

Malamai mata na da ƙarin wani shinge da maza ba su cika lura da shi ba. A zauren WhatsApp lambar kowa a buɗe take. Malama ta yi tambaya a kan darasi, kafin dare baƙin lambobi uku sun biyo ta ta gefe da sallama da "ina son mu san juna." Wata mijinta zai ce ta fita, wata da kanta za ta yi shiru har abada. Alhali suna da yawa a ƙananan azuzuwa a birane, inda ake aza harsashin karatu. Zauren da admin ɗinsa bai kafa doka mai tsauri a kan wannan ba, ya kuma zartar da ita a kan ko wane ne, ya yi asarar muryoyin da ya fi buƙata.

A ce an tsallake duk wannan, an yi tambaya, an samu amsa. Saura ingancin amsar. Abin da ke yaɗuwa a intanet shi ne abin da ya yi daɗin ji, ko da ba shi da tushe. Misali sananne shi ne zancen cewa kowane yaro na da salon koyonsa, wannan na gani ne, wancan na ji, wancan na taɓawa, kuma sai an koyar da kowa ta salonsa zai gane. Nazarin da Harold Pashler da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 bai samu gamsasshiyar hujjar da ke goyon bayan wannan ba. Duk da haka wani bincike na 2012 ya gano kashi 93 cikin ɗari na malaman da aka tambaya a Birtaniya, da kashi 96 a Holan, sun yarda da shi. In haka ta faru a ƙasashen da malami ke da ɗakin karatu a hannunsa, ba abin mamaki ba ne a ga irin wannan zance na yawo a zaurukanmu cikin hoto mai launi, ana sa masa hannu ana cewa Allah ya ƙara sani.

Mu kuma muna da wata ƙarin wahala, wato nauyin gyara wa babba a bainar jama'a. Idan tsohon hedimasta ya warware tambayar lissafi ya yi kuskure, matashin da ya gama digiri bara ya gani sarai, amma tarbiyya ba za ta bar shi ya ce "Baba, ba haka ba ne" a gaban mutum ɗari biyu ba. Ina girmama wannan tarbiyya, ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai kuskuren zai shiga azuzuwa goma washegari. Zaurukan da suka san abin da suke yi sun samo mafita daga cikin al'adar kanta: a bi dattijon ta gefe a nuna masa cikin ladabi, shi da kansa ya dawo ya gyara, girmansa na nan, yara kuma sun tsira. Wannan aikin admin ne, kuma yana buƙatar mutumin da ya san darasin ya kuma san mutane.

A Amurka matsalar inganci ta ɗauki wata siffa saboda kuɗi sun shigo. A 2006 wani malami a New York, Paul Edelman, ya buɗe Teachers Pay Teachers, kasuwar da malamai ke sayar wa juna shirin darasi. A 2012 wata malamar 'yan nazare a Jihar Jojiya, Deanna Jump, ta zama ta farko da cinikinta ya kai dala miliyan ɗaya, labarin da ya ja dubban malamai zuwa kasuwar. Amma da cibiyar binciken ilimi ta Fordham ta sa ƙwararru suka duba sama da kayan darasi 300 na Turancin sakandare da aka fi saukewa daga wannan dandali da wasu biyu a 2019, sai suka yanke cewa mafi yawansu tsaka-tsaki ne ko ma ba su cancanci a shiga aji da su ba. Kyan zane ke sayar da kaya, mai saye kuma ba shi da lokacin tantancewa. Mu ma mun fara ganin namu: ana tallan shirin darasi na zango guda cif, ka tura kuɗi a turo maka. Malamin da ke da darasi talatin a mako ba zan zarge shi don ya saya ba. Amma wanda ya kwafe shirin wani zuwa littafinsa don hedimasta ya sa hannu bai yi tunanin darasin ba, kuma tunanin shi ne amfanin rubuta shirin tun farko. Ƙarshen lalacewar wannan hanya su ne zaurukan da ake buɗewa lokacin WAEC da NECO don yaɗa amsa, waɗanda abin takaici ba a rasa malamai a cikinsu.

Akwai kuma batun da aka fi mantawa da shi: duk waɗannan zauruka a gidan haya suke, kuma mai gida na iya cewa a tashi ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. A 2010 Ning ya soke tsarinsa na kyauta, zauruka da yawa suka watse. Google+ ya rufe a watan Afrilu na 2019 da duk zaurukan malaman da ke cikinsa. Edmodo, wanda kamfanin NetDragon na ƙasar Sin ya saya a 2018, ya rufe ƙofa ranar 22 ga Satumba, 2022, abin da malami bai kwashe ba kafin ranar ya tafi. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoba na 2022, malamai da yawa da suka shekara goma suna gina abokan hulɗa a can suka watsu zuwa wasu dandali. Mu a nan mun ɗanɗana namu ta hannun gwamnati: an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Malaman da suka fi kowa kaɗaici su ne suka fara rasa zauren.

Ko ba a rufe komai ba, WhatsApp ba ma'ajiya ba ne. Bayanin tsinken tsintsiya da na kawo a sama, bayan wata biyu ya nutse ƙarƙashin dubban saƙonni. Saƙon murya ba a iya lalubo shi da kalma. Waya ta cika, a goge. Waya ta faɗa ruwa ko a ƙwace ta, shi ke nan. Sabuwar malamar da za ta shigo baɗi da irin wannan tambaya ba za ta samu amsar bara ba, sai a sake daga farko, in wanda ya amsa yana nan. Ilimin da malamai ke samarwa a waɗannan zauruka yana da yawa, amma ba ya taruwa. Maganin ba mai tsada ba ne: mutum ɗaya ya riƙa tsince amsoshi masu amfani duk ƙarshen mako, ya rubuta su a takarda ɗaya da sunan darasi da aji, a ajiye a inda kowa zai iya saukewa, a kuma buga kwafi a bar shi a ofishin makaranta.

A nan ne nake ganin babbar dama ga masu koyarwa da Hausa. Kayan koyarwa na kyauta suna nan da yawa. Shirin TESSA da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta fara a 2005, tare da cibiyoyi irin su Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya samar da darussa masu kyau don malaman Afirka. Amma ko me takardar manufa ta ce game da harshen koyarwa, kowa ya san da Hausa ake yi wa yaron aji biyu bayani a Gumel ko Funtuwa, kuma wannan bayani na baka, wanda ƙwararrun malamai suka goge a kansa, kusan babu inda aka rubuta shi. A saƙonnin murya yake yawo yana ɓacewa. Malamin Maraɗi da na Katsina yara iri ɗaya ke gabansu, masu harshe ɗaya da wasanni ɗaya, sai dai ɗaya ya yi karatu da Faransanci ɗaya da Turanci, manhajojinsu ba sa haɗuwa. Zauren da ake magana da Hausa ne kaɗai wurin da waɗannan biyu za su iya koyon wani abu daga juna, kuma tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, buƙatar hakan a wancan ɓangaren ƙaruwa za ta yi.

Dole in taɓo yara, domin su ba su da bakin magana a zauren. Ana turo hoton takardar yaro da sunansa a sama don a yi dariyar amsarsa. Ana ɗaukar bidiyon yarinyar da ta kasa karanta jimla. Wanda ya turo yana ganin zaure ne na 'yan'uwa, amma abin da ya shiga waya ɗari biyu ya fita daga hannunsa. Edmodo kansa, da duk injiniyoyinsa, an yi masa kutse a 2017 aka kwashe bayanan asusu kusan miliyan 77, kuma a 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yanke masa tarar dala miliyan 6 saboda yadda ya tattara bayanan yara. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023. Amma tun kafin doka, amanar da iyaye suka ba malami ta isa ta sa ya rufe sunan yaro da fuskarsa kafin ya nemi shawara a kan aikinsa.

Me ya rage wa hukuma ta yi? Abin da eTwinning ya nuna shi ne hukuma na iya riƙe gida ba tare da ta zauna a tsakiyar hira ba: tana tabbatar da cewa mai rajista malami ne na gaske, tana da ofishin tallafi a kowace ƙasa, sauran kuma ta bar wa malamai. Gwamnatocin jihohinmu ba sa buƙatar kashe miliyoyi a kan sabuwar manhajar da ba wanda zai sauke. Malamai sun riga sun taru inda suka taru. Abin da ke hana su shi ne tsadar data, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, da rashin lokaci, da rashin wanda zai ɗauki nauyin tsarawa. Shirin horar da malamai da Birtaniya ta tallafa a Jigawa da Katsina da Zamfara daga 2013 ya gwada haɗa kayan koyo a waya da taron malaman makarantu maƙwabta, kuma tunanin daidai ne: waɗanda suka haɗu ido da ido sau ɗaya a wata sun fi sakin jiki da juna a waya.

Sannan a dubi mutanen da ke riƙe da zaurukan nan. Kowane zaure mai rai yana da mutum ɗaya ko biyu da ke ɗauke da shi: shi ke goge tallace-tallace, shi ke raba faɗa, shi ke bin dattijo ta gefe, shi ke amsa tambayar ƙarfe goma na dare da datarsa. Babu mai biyansa, kuma ranar da ya gaji zauren ya koma na barka da safiya. Hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, tana buƙatar malami ya riƙa ƙaro ilimin sana'arsa. Malamin da ya shekara yana warware wa 'yan'uwansa matsalolin aji, ya kuma tattara amsoshin a rubuce inda za a iya dubawa, ya cancanci a lissafa masa wannan aiki lokacin sabunta lasisi da ƙarin girma, a kuma rage masa darasi biyu ko uku a mako don ya samu sukunin ci gaba da yi.